Aata Ta Ce "Na Tafi"

Kallumalai, ta hanyar Hatton
Yuli, 1984

Zuwa ga Yaya Marudu,

Gaisuwa da girmamawa daga ƙanwarka Teivanai. Muna lafiya a nan, ni da uban yara da yaran biyu. Ina roƙon ubangijinmu Murugan ya sa takardar nan ta same ku haka, kai da matarka Pakiyam da 'ya'yanku da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ruwan sama ya hana mu sakat, matsattsaku sun cika gonar shayi, ƙafafuna duk tabo.

Na san yanzu mahaifiyarmu, Aata, tana hannunka. Ni na raka ta har tashar jirgin ruwa ta Talaimannar da kaina. A zaune muka yi tafiyar jirgin ƙasa, sojoji suna shigowa suna buɗe jakunkuna, ita kuwa ko a jikinta, tana ta daka ganyen taunawarta a ɗan turmin nan nata kamar a bakin ƙofar ɗakinmu take. Da gari ya waye jirgin ya gangara da mu har kan doguwar gadar da ta shiga teku, wadda ka bi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da gwamnatoci biyu suka raba mu, kai aka rubuta ka Indiya, mu aka bar mu a nan. Ban taɓa ganin wurin ba sai ranar. Yaya, ashe kusa ne haka? Wata mai sayar da shayi a bakin gadar, Rosamma, ta nuna min da leɓe ta ce, "Can ne Indiyar taku. Wanda ya hau jirgin ruwa da safe, a can zai ci abincin rana." Na duba ban ga komai ba sai ruwa, amma raina ya ɓaci. Duk shekarun nan, ashe ruwan da ya raba mu bai kai tsawon aikin safiya ɗaya ba.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. A bakin shingen da masu rakiya ba sa wucewa, na durƙusa na taɓa ƙafafunta. Ta ɗago ni, ta shafa min tokar ibada a goshi, ta dafa cikina. Ko ta gaya maka ko ba ta gaya maka ba, ina da na wata uku. Sai ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Teiva, na tafi."

Na ce, "Aata, me kika ce?"

Ta ce, "Kin ji ni."

Na ce, "Gyara bakinki, don girman Murugan."

Ta ce, "Sakar min zani, 'yar nan, za su rufe ƙofa."

Ta shige cikin mutane da ƙunshinta a ka. Na kama shingen ina ihu, "Je ki dawo! Aata, je ki dawo!" har 'yan dako suna yi min dariya. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Yaya, kai ka san matar nan. A layin ɗakunanmu na ma'aikata ko yaron da aka aika sayen gishiri ba ya cewa "na tafi". "Zan je in dawo" ake cewa, a amsa masa "je ka dawo". Gidan mutuwa kaɗai ake fita ba a faɗi haka ba, don ba wanda ke son komawa can. Ka manta ranar da ka ɗauki allonka ka ce mata "na tafi", ta biyo ka da ludayi har bakin famfo, ta dawo da kai ta zaunar da kai, ta sa ka sha ruwa, sannan ka sake fita da kalmar da ta dace? Wannan matar ce za ta yi tuntuɓen harshe a gaban teku?

Na yi ta neman laifina. A watan jiya na yi mata tsawa don tana tofa jan miyau na ganyen taunawarta a bakin ƙofa bayan na share. In wannan ne, ka ce mata ta dawo ta tofa har cikin tukunyata, ba zan ce uffan ba. Ka tambaye ta. Ka sa ta faɗi kalmar daidai, ka rubuto min ita yadda ta fito daga bakinta. Tun da na dawo abinci ba ya shiga.

Ƙanwarka,
Teivanai


Kotagiri
Agusta

Ƙanwata Teiva,

Albarkar Murugan a kanki da mijinki da yara, da wanda ke tafe. Mun ji labarin cikin, mun yi murna. Mu ma lafiya, sai dai na sare hannuna na dama da wuƙar datse shayi, an ɗinke shi. Shi ya sa kika ga rubutun kamar kaza ta bi kan takarda.

Aata ta iso lafiya lau. A ɓangarenmu na Rameswaram babu gada, jirgin tsayawa yake can cikin ruwa, ƙananan kwale-kwale su kwaso mutane. Na hango ƙarti biyu sun ɗauko ta kamar buhun shinkafa suna saukewa, tana zazzaga musu masifa tun daga sama. Tun kafin in ga fuskarta na san ita ce. Da ta fito ta wuce ni tana dube-dube, saurayi mai suma take nema. Na ce, "Aata, ga ni." Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ina gashin kanka?" Na ce Indiya ta cinye. Ta sa hannu biyu ta riƙe fuskata. Teiva, ni da nake da 'ya'ya huɗu, na tsaya gaban ma'aikatan kwastan ina kuka da majina.

Yanzu ita ce mai gidan. Romon tsamiyar Pakiyam ya yi ruwa, yarana ba su iya gaisuwa ba, ni kuma na yi tumbi. Abinci dai ba ta ci sosai, wai shinkafar Indiya kamar jiƙaƙƙiyar takarda take a baki. Za ta saba.

Maganar da kika rubuta kuwa, ke tun kina yarinya kike tsintar kalmomin mutane ɗaya ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Tsohuwa ce, ba ta yi barci ba, ga hayaniya, ga teku a gabanta karo na farko a rayuwarta. Duk da haka na tambaye ta don ki bar ni in huta. Ta ci gaba da dakan ganyenta ta ce, "Teiva dai kunne gare ta." Maganar jan miyau kuwa dariya ta yi har da tari. Babu wani fushi. Ki ci abinci, ba ke kaɗai ba ce yanzu.

Bizarta ba mai tsawo ba ce, kuma kin san ana tsayar da jirgin ruwa wajen bikin fitilu na Deepavali in iskar damina ta taso, sai Janairu. Kafin nan za ta koma. Ki bar min ita in ɗan more, na daɗe ba a zage ni da muryar nan ba.

Yayanki,
Marudu


Kallumalai
Satumba

Yaya,

Muna lafiya. Cikin ya fara motsi. Ubangiji ya warkar da hannunka, ka riƙa sa masa kurkum, kada ka biye wa allurar asibiti kaɗai.

"Teiva kunne gare ta." Wannan ce amsar da ka karɓa ka kama bakinka? In da tuntuɓen harshe ne ai da ta ce tuntuɓe ne. Ta ce ina da kunne, wato abin da na ji shi ta faɗa.

To ga abin da na gano bayan tafiyarta. Baƙin bargonta na tsinkar ganye, wanda ko wanke shi ba ta yarda wani ya yi, na gan shi a kafaɗar tsohuwa Karuppayi ta ɗakin ƙarshe. Na ce, "Ina kika samo?" Ta ce, "Uwarki Angamma ce ta ba ni, ta ce can ba za ta buƙace shi ba." Kai kuwa kullum kana rubuto mana cewa sanyin Kotagiri ya fi namu. Fitilarta ta tagulla na same ta a ƙasan akwatina, an goge ta tas an naɗe da tsumma. Kuma ana gobe za mu tafi ta hau tudun da aka binne mahaifinmu, Appa. Ka san tun bayan tafiyarka aka shuka sabon shayi a wurin. Ta yi ta zagaye tsakanin itatuwan ba ta gane kabarin mijinta ba. Da ta sauko ta ce, "Ni ba wanda zai shuka shayi a kaina." Na ɗauka ƙorafin tsufa ne.

Yanzu na gane. Zama za ta yi a wurinka. Kai ne ɗa namiji. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina wanke mata zani, ina dafa mata ruwan wanka, ina tashi in tari ya kama ta, ni aka bari da kalma ɗaya a bakin shinge. Ba na jin haushinka, Yaya. Ƙarya nake, ina ji.

Haihuwata biyu, hannunta ne ya karɓa. A ta biyun na zubar da jini har mata suka fara kuka, ita ce ta zauna a kaina tana zagina har na buɗe ido. Wannan cikin a Janairu zai zo, ina jin tsoro, ban ɓoye maka ba. In jirgin ya tsaya tana can, shi ke nan, ni kaɗai zan shiga. Ka karanta mata wannan takarda duka, kada ka tsallake inda na yi rashin kunya. Ka dawo min da uwata.

Teivanai


Kotagiri
Ƙarshen Satumba

Teiva,

Muna gaishe ku. Hannun ya ɗan yi ruwa, an sake buɗe shi, amma da sauƙi.

Na karanta mata duka, har inda kika ce ƙarya kike. A nan ta yi murmushi. Da na kai maganar haihuwa ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Can ta ce, "Kafin Deepavali ka kai ni Rameswaram, ka sa ni a ruwa." Na ce, "To kin ji, Aata, sai ki faɗa wa 'yarki kalmar da take nema in rubuta." Ta ce, "Rubuta abin da na ce maka."

Kin ga magana ta ƙare. Ga yadda na tsara. Akwai maƙwabtanmu da za su je ibada Rameswaram a wata mai kamawa, za ta bi su, ta yi kamar mako biyu a can tana wanka a rijiyoyin haikali, abin da ta daɗe tana buri. Ni zan same ta daga baya in na samu izini a wurin aiki, in sa ta a ɗaya daga cikin jiragen ƙarshe. Ranar da ta bar nan zan jefa miki kati a gidan waya, sai ki shirya tarbarta.

Ta ɗan faɗa, ba zan ce miki a'a ba. Da rana takan kwanta, sanyin dutsen nan bai karɓe ta ba. In ta tashi tana ɗinka 'yar riga da tsohon zaninta na sari mai ruwan goro, wai ta jaririn ce. Na ce in namiji ne fa? Ta ce mace ce, in rufe mata baki.

Ki kwantar da hankalinki.

Marudu


Kotagiri
Oktoba
(kati)

Teiva,

Aata ta tafi ranar Talata da safe. Hannuna ya kasa rubutu. Wasiƙa tana tafe.

Marudu


Talaimannar
Ƙarshen Oktoba

Yaya Marudu,

Ban san ko kuna lafiya ba, ni dai ba lafiya nake ba. A bencin Rosamma mai shayi nake rubuta wannan, da takardar da ta yago min daga littafin jikanta.

Ina Aata?

Ranar da katinka ya zo, a wurin awon ganye aka miƙo min. Na karanta na ajiye kwandon na zaga layi ina gaya wa kowa, "Ta taso! Aata ta taso!" Na shafe ɗakin da sabon kashin shanu, na kunna fitilarta. Na je wurin Karuppayi na roƙi bargon, na ba ta nawa, don jirgin ƙasan nan sanyi gare shi in ya fara hawa tudu. Uban yara ya ce kada in je, hanyar Talaimannar ta lalace da rikici, ga ni da ciki wata shida, a bari ta hawo jirgin ƙasa mu tarbe ta a Hatton. Na ce a bakin shingen nan ta faɗa min mummunar kalma, a nan nake so in tsaya in ga ta dawo, in ce mata, "To, wa ya yi gaskiya?"

Jirgi uku na tarba. Da yamma yake isowa, tun yana ɗan baƙin ɗigo a kan ruwa nake miƙewa. Mutane su yi ta saukowa da akwatuna da tukwane da buhunan barkono, ni ina neman farin kai da ƙunshi. Ban san tsofaffi masu farin kai suna da yawa haka a duniya ba. A jirgi na biyu na ga wata daga baya, tafiyarta sak, har da ɗan karkacewar nan ta hagu. Na kutsa ƙarƙashin shingen, wani soja yana daka min tsawa, na kamo hannunta na ce "Aata!" Ta juyo, wata ce daban. Ta dubi cikina ta ce, "Sannu 'yata, wa kike jira?" Na sakar mata hannu.

Tsakanin jirgi da jirgi ba abin yi. Ƙafafuna sun kumbura, sai in sauka gindin gadar in tsoma su a ruwa in zauna, bargonta a cinyata. Rosamma 'yar coci ce, ba ta san ni ba ba ta san asalina ba, amma ta ba ni tabarma a ɗakinta, kullum sai ta tura min gurasar roti da yajin kwakwa ta tsaya a kaina har in cinye. Tana cewa, "Gobe za ta zo, tsofaffi ba sa son gaggawa."

Jiya na ƙarshe ya zo. Na tsaya har aka share gadar. Na tambayi wani ma'aikacin jirgin, ya ce daga wannan sai Janairu, in Janairun ma an buɗe.

Ka gaya min gaskiya. Ta canza ra'ayi ne a Rameswaram ta koma wurinka? Ko kai ne ba ka samu izinin aiki ba, ka bar ta can a hannun maƙwabta? Ko ba ta da lafiya? Ka ce wasiƙa tana tafe, wataƙila tana can gida tana jirana. In hannunka ne har yanzu, Pakiyam ba ta da hannu? Babban ɗanka ba ya zuwa makaranta? Layi uku ka rubuta min, Yaya, a kan layi uku na bar 'ya'yana na zo nan.

Teivanai

Na ƙara wannan a tasha kafin in jefa. Da na ɗauki ƙunshina zan bar ɗakin Rosamma, na buɗe baki in ce mata "zan je in dawo", maganar ta ƙi fita. Na tsaya ina kallonta tana kallona, sai na juya na fito haka nan, kamar mai barin gidan mutuwa. Matar da ta ciyar da ni mako guda. Ban san abin da ya same ni ba.


Kotagiri
Nuwamba

Teiva, ƙanwata,

Ba zan iya fara wannan da gaisuwa ba. Ki nemi wuri ki zauna, ki kira mijinki kusa.

Aata ta rasu. Ranar Talatar nan ta rasu, da safe, a ɗakina, kanta a cinyar Pakiyam. Abin da katina yake nufi ke nan. Na zauna a gidan waya da alƙalami, na kasa sa waccan kalmar kusa da sunanta, sai na rubuta yadda muke faɗa in babba ya cika. Da na ce hannuna ya kasa rubutu, ba ciwon hannu nake nufi ba. Ko kusa ban tuna na taɓa ce miki zan aiko kati ranar tasowarta ba. Wasiƙar da na yi alkawari ban iya rubuta ta ba sai yau. Da takardarki ta Talaimannar ta zo, na karanta a tsaye, na zauna a ƙasa. Pakiyam ta karɓa ta karanta, ta ɗora hannu a ka. Ki yafe min in za ki iya.

Ƙulli ne a cikinta, ɓangaren dama, ya kai girman mangwaro. Pakiyam ce ta gani tana yi mata wanka, bayan na aiko miki wasiƙar tsarin tafiya. Ta san da shi tun tana wurinku, wani likita a Hatton ya gaya mata ba abin da za a yi. Da na ce zan rubuto miki ta kama kunnena, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce mai ciki ba a kai mata irin wannan labari. Na ɗauka muna da sauran watanni. Kwanaki ne.

Ana gobe za ta cika ta ce a fito da ita rana. Na zauna kusa da ita ina daka mata ganyen, don hannunta ya daina iyawa. Na ce, "Aata, Teiva tana can tana cin kanta. Me ya sa kika yi mata haka a bakin jirgi?"

Ta ce, "Kai me ka ce min a tashar Hatton ranar da za ka tafi?"

Na ce, "Abin da kika koya min. Zan je in dawo."

Ta ce, "Na ce maka je ka dawo. Na san takardarka ba ta dawowa ba ce, kai ma ka sani. Duk da haka kowace Deepavali sai na ajiye maka ganyen ayabarka na cin abinci. In jirgin ƙasa na yamma ya yi kuka a kwari sai na fito bakin ƙofa. Teiva tana tsammani tofar da miyau nake fitowa yi." Ta huta, sannan ta ce, "Ba laifinka ba ne, kalmar ce haka, ɗaure mutum take. Ni ba zan ɗaure 'yata a bakin ƙofa ba. Na ce mata na tafi don kada ta jira."

Teiva, don kada ki jira. Ni kuma na ɗauki kalmar nan tata na aiko miki, kika je kika jira jirgi uku.

Ni na sa wa gawarta wuta, yadda take so. Ba a shuka komai a kanta ba. A rana ta sha shida na ɗauki tokarta a tukunya zuwa Rameswaram. Sai da na shiga ruwa har ƙirji na gane abin da take nufi da in sa ta a ruwa kafin Deepavali. Ina juye tukunyar, ga jirgin can yana ɗaga anga, mutane a bakin teku suna cewa shi ne na ƙarshe. Na bi shi da ido har ya ɓace. Ban san kina ɗaya gefen da bargonta ba.

Ta gama 'yar rigar, saura maɓalli ɗaya, Pakiyam ta sa. Na aiko ta daban tare da ɗan turmin. In an buɗe jirgin a Janairu zan nemi biza in zo, ko me zai faru.

Yayanki,
Marudu


Kallumalai
Fabrairu, 1985

Yaya,

Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya, kai da Pakiyam da yara. Ka gaishe min da Pakiyam gaisuwa ta musamman, ita ta riƙe kan da ya kamata in riƙe.

Ka yi haƙuri da shiruna. Wasiƙunka biyu na baya sun zo, na karanta, ban da abin cewa ne a lokacin. Ba na riƙe da kai. Ta faɗa min gaskiya a bakin shinge na ƙi ji, ka faɗa min ita a kati na ƙi ji. Kunne gare ni, in ji ta. Na yi ta tunanin yamman nan da take fita bakin ƙofa ina yi mata tsawa a kan jan miyau. Yanzu in jirgin yamma ya yi kuka a kwari, cikin ɗaki nake shigewa.

Na haihu bayan bikin girbi na Pongal da kwana kaɗan. Mace ce, kamar yadda ta ce. Na sha wuya amma ban zubar da jini ba. Karuppayi ce ta karɓa, ta yi ƙoƙarin zagina yadda Aata take yi, ba ta iya ba. Rigar ta yi mata yawa, hannuwan sun rufe yatsunta, haka nake sa mata.

Ranar da aka fito da ita, matan layi suka cika ɗakin. Karuppayi ta ɗaga ta sama ta ce, "Ku dubi haɓar nan! Angamma, ashe kin je kin dawo?" Aka yi ta dariya ana share hawaye, kowa yana cewa ita ce, ita ce. Na miƙa hannu na karɓe 'yata. Na ce ba ita ba ce. Suka ɗauka zafin haihuwa ne ya taɓa ni. Na san alheri suke nufi, kuma da na yarda da na ji sanyi. Amma Aata ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Ta ce ta tafi. Kanakam muka sa wa yarinyar, sunanta ne ita kaɗai.

Ba a buɗe jirgin ba, ka sani. Rosamma ta sa jikanta ya rubuto min, ta ce sojoji ne a kan gadar yanzu, ta daina dafa shayi, ba wanda ya san ranar da za a sake ƙetarawa. Na aika mata da bargon, don na fita daga ɗakinta ba sallama.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka sake rubuta min cewa za ka zo. In ka zo na gan ka, zan shimfiɗa maka ganyen ayaba. In ba ka zo ba, ka ci gaba da rubutu, ka faɗi kowane abu da sunansa ko da hannunka ya ƙi.

Na koma tsinkar ganye makon jiya. Da safe nakan kai Kanakam ɗakin reno, in kwantar da ita a zanin da aka rataya, in ce mata, "Zan je in dawo." Ita kaɗai nake faɗa wa yanzu. Da tsakar rana in ajiye kwando in gangaro in ba ta nono.

Ƙanwarka,
Teivanai